Mataimakin Likitan Ƙashi, Ka Kula da Bayanka

A Amurka, mataimakin likitan ƙashi yana shiga ɗakin tiyata tare da likita, kuma ƙarfin jikinsa na aiki kamar yadda iliminsa ke yi. In ana sauya wa mutum ƙugu ko gwiwa, shi ke riƙe ƙafar, ya juya ta, ya ja ƙarfen da ke buɗe wurin yanka, wani lokaci awa biyu yana tsaye wuri guda. Ƙafar wanda aka sa wa maganin barci nauyi gare ta, domin ba ya taimaka maka ko kaɗan.

Amma abin da ke cin baya a hankali shi ne rigar dalma, wadda ake sawa don kariya idan ana ɗaukar hoton ƙashi cikin tiyata. Nemi mai kashi biyu, riga da siket, don nauyin ya rabu tsakanin kafaɗa da ƙugu. Da zarar an fito, cire ta ka rataye, kada ka naɗe ta, dalmar kan tsage.

Galibi ana daidaita tsayin gadon tiyata da tsayin likita. In ya fi ka tsawo, sa a kawo maka matakala ka taka, ya fi ka wuni kafaɗa a ɗage. Sa takalmi mai taushi da safa mai matse ƙafa, ka ci abinci ka sha ruwa kafin shiga. Wajen mayar da marar lafiya kan gadonsa kuwa, kada ka ji kunyar kiran mutane uku ko huɗu, ku lanƙwasa gwiwa ku ɗaga tare.