Turbobin duwatsun Damagaram

1. Gari a tsakiyar duwatsu

Duk wanda ya tunkaro Zinder, tun daga nesa zai hangi manyan duwatsu. Wasu suna zube a ƙasa, wasu kuma sun hau kan juna kamar da hannu aka jera su. A Birni gidaje da yawa a tsakanin duwatsu aka gina su.

Mutanen dā sun san amfanin wuri mai tudu. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. Da Faransawa suka ci garin a shekarar 1899, sai suka kafa barikinsu a kan dutse, domin wanda ke sama yana ganin mai shiga da mai fita.

2. Halin dutsen

Irin wannan dutse sunansa giranit. Yana da tauri ƙwarai. Da rana ya yi zafi, da dare ya huce, da damina kuma ruwa ya shiga tsagoginsa. A hankali, cikin dubban shekaru, bayansa ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, har ya zama mulmulalle.

Giranit ba ya shan ruwa kamar yashi. Idan an yi ruwan sama, sai ruwan ya gangaro da gudu, ya taru a tafki ko ya bi kwari ya wuce. Shi ya sa samun ruwa yake da wuya a Zinder. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mayar da babban birnin ƙasa zuwa Yamai a shekarar 1926. Mai hawan dutse kada ya manta da abu biyu: a sama babu rijiya, kuma jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi.

3. Wa ya yi turba?

Ba a yi turbar dutse da diga ko shebur ba. Ƙafa ce ta yi ta. Makiyaya sun bi da awakinsu, mata sun bi zuwa itace, mafarauta sun bi, jakai sun bi da kaya. Kowa ya taka inda na gabansa ya taka, har hanya ta fito.

Turbar dutse ba ta miƙewa sak. Takan karkata dama, ta karkata hagu, tana hawa kaɗan-kaɗan. Tafiyar ta fi tsawo, amma gwiwa ba ta gajiya, jaki ma ba ya zubar da kayansa. Turbar takan kauce wa rami da falalen dutse mai santsi, takan bi ta gindin aduwa ko magarya inda ake samun inuwa.

Akwai irin waɗannan hanyoyi a duwatsun Muniyo, wajen Gure, da na Kutus, da na Tarmit. A ƙasar Abzin kuwa akwai Bagazan, inda tsauni mafi tsawo a Nijar yake, mai mita 2,022. Akwai ƙauyuka da garake a can sama, kuma tun zamanin dā da ƙafa da jakai ake hawa.

4. Yawon dutse a wasu ƙasashe

A wasu ƙasashe mutane suna hawa duwatsu don motsa jiki da shan iska. A Faransa ana shafa fenti fari da ja a jikin dutse ko bishiya, don matafiyi ya san bai bar hanya ba.

Akwai kuma masu hawa da keke. A shekarun 1970 wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Daga nan aka ƙera keken dutse. Tayarsa mai kauri ce, mai haƙora, birkinsa yana da ƙarfi, yana kuma da giya da yawa don sauƙin hawa. An shigar da tseren keken dutse cikin wasannin Olamfik a shekarar 1996, a birnin Atlanta.

A wuraren shaƙatawa da yawa an raba hanya: wannan ta masu ƙafa, waccan ta masu keke. A karkarar Damagaram kuwa turba ɗaya ce ta kowa. Mai keke, da mai jaki, da tsohuwa mai ɗauke da itace, duk a nan suke haɗuwa. Saboda haka dole kowa ya san ladabin hanya.

5. Ladabin hanya

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa da hawan dutse. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, dutse ya yi zafin da ba ya takuwa. Mai hankali da sassafe yake fita, ya dawo kafin rana ta take.

Ba a tafiya mutum ɗaya. Yara su tafi tare da babba wanda ya san wurin, su kuma faɗa a gida inda za su. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, ya sa hula da takalmi mai kama ƙafa. Silifa takan zame.

Ba a zura hannu a tsagar dutse, domin nan ne maɓoyar kunama da kububuwa. Ba a mirgino dutse daga sama, wataƙila akwai mutum ko dabba a ƙasa. Idan hadari ya taso, a sauko da wuri, domin tsawa ta fi faɗawa wuri mai tsawo.

Mai keke ya duba birki da kaca da iskar taya tun daga gida. Ya tafi da famfo da kayan faci, saboda ƙaya. A gangara ya ja jikinsa baya, ya kama birkin gaba da na baya tare, a hankali. Wanda ya damƙe na gaba kaɗai yana iya kifewa ta ka. Idan ya ga mutane ko garke, ya rage gudu, ya yi sallama, ya ba su hanya.

6. Turba ma tana lalacewa

Wani yaro yakan ce kewayen ya yi yawa, sai ya yanke ya sauko kai tsaye. Gobe wani ya bi sawunsa. Ciyawa ta mutu, ƙasa ta buɗe. Da ruwan farko ya sauka, sai ya bi wannan sawu da ƙarfi, ya haƙa ɗan rami. Baɗi ramin ya zama kwazazzabo, ya kwaso yashi da tsakuwa ya zuba a gonar da ke gindin dutse. Tayar keke da ake ja da birki ita ma haka take yi. Mai gona ya rasa hatsinsa, makiyayi ya rasa ciyawa, matafiyi ya rasa hanya. Wanda ya tsaya a kan tsohuwar turba ya tsare kansa, ya kuma tsare gonar maƙwabcinsa.

Ma'anar kalmomi

Turba: ƙaramar hanya ta ƙafa.
Falalen dutse: dutse shimfiɗaɗɗe mai faɗi.
Kwazazzabo: rami mai tsawo wanda ruwa ya haƙa.
Kaca: sarƙar da ke juya tayar keke.

Tambayoyi

1. Me ya sa Faransawa suka kafa barikinsu a kan dutse?
2. Don me turbar dutse ba ta miƙewa sak?
3. Ku faɗi abu uku da suka bambanta keken dutse da keken gari.
4. Yaya yanke hanya yake ɓata gona?

Lissafi

Ƴan aji suna cin kilomita 4 a awa ɗaya a fili, amma kilomita 2 kaɗai a hawa. Sun yi kilomita 6 a fili da kilomita 1 a hawa. Awa nawa suka yi?

Aiki

Ku tambayi wani dattijo sunan dutsen da ya fi kusa da unguwarku da labarinsa. Ku zana turbar da ke zuwa can, ku nuna bishiyoyi da gonaki da wuraren haɗari.