Takwara, Ka Fara Ƙirgawa da Hannu

Takwara, mahaifiyarka ta ce babin jerantawa da zaɓe ya tsaya maka a wuya, ga jarrabawar WAEC ta ƙarato. Ta ce ka haddace ƙa'idojin biyu tsaf, da alamar motsin rai ɗin nan da ake liƙa wa lamba, amma da an sauya wa tambaya riga sai ka rasa wacce za ka ɗauko. Wannan ba ciwon kai kaɗai ba ne, yawancin ɗalibai nan suke tuntuɓe. Ka fara da hadda ne tun ba ka ga abin da ake ƙirgawa da idonka ba. To ajiye kalkuleta tukuna, ka saurari kakanka.

A ce ƙungiyar matasan unguwarku mutum 10 ce, za a fitar da shugaba da sakatare da ma'aji. Kujerar shugaba, kowa cikin goman zai iya hawa. Da an naɗa shi, saura 9 masu iya riƙe alƙalami, sannan saura 8 masu iya riƙe asusu. Goma sau tara sau takwas, 720 ke nan. A nan wane ya hau wace kujera magana ce babba. Audu shugaba Bala ma'aji daban, Bala shugaba Audu ma'aji daban, musamman in ɗayansu hannunsa bai iya riƙe kuɗi ba.

Yanzu a ce rasuwa aka yi a wata unguwa, ana son mutum uku daga cikin goman nan su je ta'aziyya a madadin kowa. Ba kujera, ba muƙami. In an tura Audu da Bala da Sani, ko ta wane suna ka fara kira, su ɗin ne dai za su tafi. Ɗauki takarda ka rubuta sunayen nan uku ta duk yadda za su jeru. Kada ka yarda da ni, rubuta da hannunka. Za ka samu layi shida. Ashe cikin 720 ɗin can, kowace tawaga ta mutum uku an ƙirga ta sau shida. Raba 720 gida shida, ka samu 120. Babin gaba ɗaya a nan yake: ka jera, in jerin bai da tasiri ka raba da yawan maimaicin da ka yi. Wanda ya ga shidan nan da idonsa, ko ƙa'idar ta ɓace masa a ɗakin jarrabawa zai sake gina ta a gefen takarda. Gani ya kori ji.

Kada kuma ka ɗauka ilimin nan da Bature ya zo. A Basra ta ƙasar Iraƙi, a ƙarni na 8 na Miladiyya, an yi wani malami, Halilu ɗan Ahmad al-Farahidi, wanda ya tsara ilimin aruli da malaman zaure ke auna waƙa da shi har gobe. Da ya so haɗa ƙamus na Larabci, Kitabul Aini, bai tsaya jiran kalmomi su faɗo masa a rai ɗaya bayan ɗaya ba, don ya san mantuwa za ta ci rabonta. Sai ya riƙa ɗaukar baƙaƙe yana jujjuya su. Baƙi biyu na jeruwa hanya 2, uku hanya 6, huɗu hanya 24, biyar hanya 120. Kowane jeri ya fito sai a duba, Larabawa na furta shi ko sun yi watsi da shi. Ɗauki baƙaƙen ain da lam da mim: jeri ɗaya ya ba ka tushen ilimi, wani ya ba ka tushen amali, wato aiki, wani kuma ya ba ka ƙyalli. Lambobin nan 2, 6, 24, 120 su ne kake samu yau in ka danna alamar motsin rai a kalkuletarka. Ni abin da ke burge ni game da shi, ba son lissafi ne ya kai shi ba, tsoron kada wata kalma ta kuɓuce masa ne.

A Marrakesh ta Maroko kuma an yi Ibn Mun'im, wanda ya rasu a 1228. A littafinsa Fiƙhul Hisabi ya tambaya: in kana da zaren siliki launi goma, tuntu iri nawa za ka iya haɗawa da launi biyu, ko uku, ko huɗu, har zuwa goma? Na launi uku amsarsa 120, daidai da 'yan ta'aziyyarmu, don a tuntu ba a tambayar wane zare ne shugaba. Ya tsara amsoshin cikin jadawali mai siffar dala, irin wanda littafinku ke jingina wa Pascal, Bafaranshen da ya rubuta nasa a 1654, fiye da shekara ɗari huɗu bayan haka.

Mu ma muna da namu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan yadda ake gina hatimi na lambobi, inda kowane layi jimillarsa ɗaya. Gwada mafi ƙanƙanta, mai gida tara. Lambobi 1 zuwa 9 za su iya zama cikin gidajen nan ta hanya 362,880. Cikinsu 8 kacal ne ke ba da 15 a tsaye da kwance da karkace, kuma takwas ɗin ma hatimi ɗaya ne ake juyawa ana kifawa. Mai lalube cikin duhu zai tsufa bai dace ba, shi ya sa malamin ya koyar da hanyar ginawa.

Akwai tarko biyu da masu shirya jarrabawa ke so, bari in nuna maka su a gurguje. Na farko, abubuwa masu kama da juna. Haruffan KANO huɗu ne mabambanta, suna jeruwa hanya 24. Haruffan KAKA ma huɗu ne, amma K biyu, A biyu, in ka musanya tagwaye ba wanda zai gane. Raba 24 da biyu, ka sake rabawa da biyu, saura 6. Rubuta su ka gani, ni ne a ciki. Na biyu, ko an yarda a maimaita. Lambar sirrin katin banki gida huɗu ce, kowane gida na karɓar 0 zuwa 9 ko da an riga an yi amfani da lambar, don haka goma sau goma sau goma sau goma, 10,000. Da an hana maimaici da 5,040 ne. Karanta tambaya sau biyu kafin ka ɗora alƙalami, garaje ba ƙarfi ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi jarrabawar damuna. Na san akwai shagunan caca a kan hanyarku, na kuma san yanzu ta shigo cikin waya. Hukuncinta a addini ka sha ji daga malamanka, ba sai na ƙara ba. Ni lissafinta zan ba ka. A irin wadda ake zaro lamba 5 daga cikin 90, jeri bai da tasiri, don haka ka ninka 90 da 89 da 88 da 87 da 86, ka raba da 120. Amsa 43,949,268. Wanda ke yankar tikiti ɗaya kullum, kowace rana da sabon haɗi, sai ya shekara sama da dubu ɗari da ashirin kafin ya zagaye su. Ko lamba biyu kawai ka ce za ka cafko cikin biyar ɗin, damarka kusan ɗaya ce cikin 400. Masu hasashen ƙwallo kuma, wasa goma, kowanne ko ci ko canjaras ko rashin nasara, uku ke nan a ninka ta sau goma, 59,049. Gaskiya ne wasu sakamakon sun fi wasu yiwuwa, amma mai shagon ya riga ka sanin wannan, da shi ya yanka abin da zai biya. Shi ya zauna ya yi lissafin da kake gudu, kuma daga aljihun waɗanda ba su yi ba yake biyan haya. Ban ce kana zuwa ba. Amma abokanka na da baki, kuma ranar da ɗaya ya ci kowa zai ji, ranakun da aka cinye shi ba mai labari.

Tunda ƙwallon kake so, ga aikin da za ka kawo mini in ka zo hutu. Gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya 20 ce, wasa 380 a kaka. Ka gaya mini daga ina 380 ta fito, da abin da zuwa gida da waje ya yi wa lissafin, da kuma wasa nawa za a buga in kowace ƙungiya sau ɗaya tak za ta haɗu da 'yar'uwarta. Fara da ƙungiya huɗu, ka rubuta wasanninsu duka a takarda, sannan ka hau zuwa ashirin. Da takardar za ka zo, ba da amsar baki ba, in ba haka ba kakarka ba za ta zuba maka fura ba. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'a.