Addini da ƙuri'a: mi ya kamata mai zaɓe shi duba?

Cikin Buza, da Madawa, da Keita, akwai wata gardama da ke tasowa duk lokacin zaɓe. Wasu na cewa addini daban, siyasa daban. Wasu na cewa musulmi ba shi aje addininshi ƙofar rumfar zaɓe kamar yadda ake aje takalmi. Wanga darasi shina bayyana abin da doka ta ce, da abin da anka gani nan gida da wasu ƙasashe.

Abin da doka ta ce

Cikin shekara ta 1991 anka yi babban taron ƙasa a Yamai. Bayan taron anka rubuta sabon kundin tsarin mulki, jama'a ta amince da shi ran 26 ga Disamba 1992. Wajen rubuta shi an yi gardama mai zafi. Ƙungiyoyin musulunci sun ƙi kalmar nan ta faransanci, layik, don suna ganin tana nufin ƙasa marar addini. Sai anka janye kalmar, anka rubuta cewa gwamnati ba ta wani addini guda ba ce.

Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya bi wagga hanya. Ya raba gwamnati da addini. Ya hana kafa jam'iyya bisa addini, ko ƙabila, ko yanki. Amma bai kori addini ba. Ya ba kowa ƴancin bin addininshi, kuma ya ce shugaban ƙasa shi yi rantsuwa bisa littafi mai tsarki na addinin da shike bi.

Ke nan doka ta hana jam'iyyar addini, ba ta hana mai zaɓe tsoron Allah ba.

Abin da anka gani

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna wajen mutum 99 cikin 100 na ƴan Nijar musulmi ne. Ran 21 ga Fabrairu 2021, wajen zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, mutum biyu sunka rage: Bazum Mohamed da Mahaman Usman. Dukkansu musulmi ne. Wanda ya ce sunan addini kaɗai za shi bi, ranar nan bai da abin da zai raba mishi su. Dole shi dubi hali, da aiki, da alkawali.

A Senegal, mafi yawan jama'a musulmi ne. Amma shugabansu na farko, Senghor, kirista ne. Ya riƙe ƙasa daga 1960 har 1980, kuma manyan shaihunan ɗariƙa sun goya mishi baya. Cikin 1988 halifan Muridiyya ya umurci almajiranshi su zaɓi Abdu Juf. Bayan haka manyan halifofi sun ja baya ga ba da irin wanga umurni a fili.

A Najeriya, inda musulmi da kirista ke da yawa duka, an saba jam'iyya ta tsai da ɗan takara na addini guda, mataimakinshi na ɗayan. Cikin 2023 Bola Tinubu da Kashim Shettima, musulmi biyu, sunka tsaya tare. An yi ta gardama cikin masallatai da majami'u, sunka kuma ci zaɓe.

Inda addini ke taimakon mai zaɓe

Addini shina koyar da gaskiya da riƙon amana. Ƙuri'a kuwa shaida ce. Mai jefa ta shina cewa: wanga mutum ya isa a ba shi dukiyar jama'a. Wanda ya san ɗan takara ɓarawo ne, ya kuma zaɓe shi, ya ba da shaidar zur.

Addini shina hana cin hanci. Wanda ya sai da ƙuri'arshi don sabulu, ko turmin zane, ko jikka guda, ya sai da shekara biyar da abin da ba ya kai mako. Sabulu na ƙarewa, rijiya na nan ba a gina ba.

Addini shina hana zagi, da ƙazafi, da tada fitina. Gangamin siyasa na wucewa, maƙwabci na nan. A nan, wanda ya shiga rumfar zaɓe da addininshi ya shiga da abin kirki.

Inda ake ruɗin mai zaɓe

Na farko, ado. Babban rawani da dogon tazbaha ba su ke nuna mai amana ba. Wani ɗan takara ba a ganin shi masallacin gari sai zaɓe ya matso, sa'annan shi zo da tabarmi da buhun shinkafa. Hali zanen dutse ne. A tambayi waɗanda sunka yi ciniki da shi, da waɗanda sunka ba shi ajiya.

Na biyu, rantsuwa. Wasu na raba kuɗi, su sa mutane su dafa Alƙur'ani cewa za su zaɓe su. Wannan sayen ƙuri'a ne, kuma wasa ne da littafin Allah.

Na uku, tsoro. Wani na cewa wanda bai zaɓi wane ba ya bar addini. Malami ɗan ƙasa ne, shina da ra'ayinshi, shina iya ba da shawara. Amma ƙuri'a ta mai ita ce. Don haka anka yi ɗakin ɓoye, inda ba miji, ba maigari, ba malami.

Na huɗu, raba jama'a. Cikin Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an yi tarzoma Damagaram da Yamai. An ƙone majami'u da yawa, mutum 10 sunka mutu. Waɗanda abin ya faɗa ma ƴan Nijar ne, ba su sunka yi zanen ba. Wutar addini in ta tashi, wuyar kashewa gare ta.

Aiki shi ne shaida

Mutanen wanga yanki sun san auna aiki. Asibitin Galmi, kiristoci sunka buɗe shi cikin 1950, kuma mafi yawan masu zuwa magani musulmi ne. Tun 1975 anka fara dasa layukan bedi cikin kwarin Majiya don tare iska. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya, ya tada fako ya koma gona, mata ne kuma sunka ɗauki mafi yawan duwatsun. Manomi bai tambayi addinin mai kawo dashe ba. Ya dubi hatsin da ya shiga rumbu.

Yau fa?

Ran 26 ga Yuli 2023 soja sunka karɓi mulki, anka dakatar da kundin 2010. Cikin Afrilu 2024 anka rushe majalisun kwamin. Ran 26 ga Maris 2025 anka rushe jam'iyyun siyasa. Amma zaɓe bai ƙare cikin ƙauye ba. Ana zaɓen shugaban kwaparatib, da ma'ajin kwamitin famfo, da wakilan iyaye na lakwal, da shugabar ƙungiyar mata. In anka ba wa marar amana asusun famfo don ganin rawaninshi, ranar da famfo ya lalace mata ne za su koma tafiya mai nisa da tulu.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Mi kundin 2010 ya hana, mi kuma ya bari?
2. Don mi anka ce ƙuri'a shaida ce?
3. Mine ne amfanin ɗakin ɓoye?
4. Waɗanne halaye uku ya kamata a duba kafin a ba mutum asusun jama'a?