Ramzi Da Shekarun Takarda

Idan aka kawo mini tsohon rubutun ajami daga kayan gado domin a san darajarsa, ba ramzin nake fara dubawa ba. Shi ramzi shekarar tsara waƙa yake nunawa, kuma mai kwafa yakan kwashe shi yadda ya tarar, ko bayan shekara 100 ne. Takardar nake ɗagawa a hasken rana. In na hango tambarin jinjirin wata uku, to irin ta Italiya ce, wadda fatake suka riƙa kawowa Kano ta Tarabulus a ƙarni na 19. Sai dai an ci gaba da shigo da ita har farkon ƙarni na 20, don haka nakan haɗa da duba hannun magwafin da tawadarsa.