Hidetoshi Nakata, Tauraron Ƙwallon Ƙafa na Japan

A shekarar 1996, lokacin da Nijeriya ta ci lambar zinariya a wasan ƙwallon ƙafa na Olamfik a Amurka, rukuni ɗaya aka sa ta da Japan, ta kuma doke ta da ci 2 da nema. A cikin 'yan wasan Japan akwai wani saurayi mai shekara 19, sunansa Hidetoshi Nakata. A lokacin ba kowa ne ya san shi ba.

An haifi Nakata a garin Kofu ranar 22 ga Janairu, 1977. Ɗan wasan tsakiya ne, wato mai karɓar ƙwallo daga baya ya rarraba wa 'yan gaba. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar Asiya a 1997, aka sake zaɓensa a 1998.

A wancan zamani Turawa ba su ɗauki 'yan ƙwallon Asiya a bakin komai ba. Da ƙungiyar Perugia ta Italiya ta saye shi a 1998, wasu sun ce talla kawai za a yi da shi, don a jawo Japanawa kallo. Bai ce musu uffan ba. A wasansa na farko ya jefa wa Juventus ƙwallo 2, ko da yake Perugia ce ta sha kashi. Kafin kakar ta ƙare ya ci 10.

Wasan da ba a mantawa da shi kuwa an yi shi ne a watan Mayu na 2001, bayan ya koma ƙungiyar Roma. Juventus na gaba da ci 2, sai aka cire kyaftin Francesco Totti aka sa Nakata. Ya narka ƙwallo daga nesa ta faɗa raga. Can dab da tashi ya sake narkawa, mai tsaron gida ya ture, Montella ya ƙarasa. Aka tashi kunnen doki, Roma kuma ta ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a shekarar.

Farin jininsa bai tsaya a fili ba. Yakan rina gashinsa, yana son ado, ba ya kuma son yawan magana da 'yan jarida. Ya fi son rubuta wa masoyansa saƙo a shafinsa na intanet. Matasan Japan suka riƙa kwaikwayonsa.

Ya buga wa ƙasarsa wasa 77. A gasar cin kofin duniya ta 2006, wadda ita ce ta uku a gare shi, Brazil ta fitar da Japan da ci 4 da 1. Nakata ya daɗe kwance a tsakiyar fili bayan an tashi. Ba a yi mako biyu ba ya sanar da cewa ya bar ƙwallo, yana da shekara 29 kacal, ƙarfinsa bai ƙare ba. Daga nan ya shiga yawon duniya, sannan ya zaga jihohin Japan 47 yana ziyartar manoma da masu sana'ar hannu.

Tambayoyi
1. Me ya sa wasu suka yi shakkar Nakata a 1998?
2. Mene ne ma'anar "kunnen doki" da "farin jini"?
3. A ganinka, ya yi daidai da ya bar ƙwallo da wuri? Kawo dalili.