Ka Sauya Lamba, Kada Ka Zubar da Kaya

Ɗana, na ji kai da abokan karatunka na Jami'ar Ahmadu Bello kun karɓi aikin gina wa wani mai kantin littattafai a Sabon Gari shafin ciniki. Madalla. Matso in ja maka kunne game da ƙofar shiga shafin, don a nan sababbin hannu suka fi yin tuntuɓe.

Shafin intanet ba ya riƙe fuskar kowa, duk latsawa sabon baƙo ce a wurinsa. Shi ya sa a 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya fito da kuki. Uwar garke kan ba burauza wata lamba a cikin kukin, ta ajiye bayanan baƙon a ƙarƙashinta, kamar yadda mai ajiyar kaya a tasha yake miƙa maka lamba ya riƙe jakarka; wannan ajiyar ita ake kira zama.

To, ga ɗaliba a Samaru ta ƙona datarta ta zaɓi littattafai biyar, sai da ta zo biya aka ce ta sa suna da kalmar sirri. In ta shiga ta tarar kwandonta wayam, ba za ta kawo ƙara ba. Acaɓa za ta hau ta tafi kasuwa. Saboda haka duk abin da ta tara kafin ta shiga, ya bi ta ciki.

Amma lambar, dole a sauya ta a daidai lokacin shiga. In ka bar tsohuwar, mugu na iya dasa wa mutum lambar da ya riga ya sani, ya jira mutumin ya shiga, shi ma ya kutsa da ita. Tun 2002 Mitja Kolšek ya yi rubutu a kan wannan damfara. In da Django ka gina shafin, ya hutar da kai: yakan sabunta lambar ya bar kayan, in kuwa wani mutum dabam ne ya shiga a kan zaman wani, sai ya share komai. In da PHP tsurarsa kake aiki, kai za ka kira session_regenerate_id da hannunka.

Ka kuma tuna inda muke. A shagunan kwamfuta na Samaru, mutum nawa ke zama kan kujera ɗaya daga safe zuwa magariba? Django kan riƙe zama har mako biyu in ba ka taɓa saitinsa ba. Ka rage wa'adin, ka sa zama ya mutu da an rufe burauza, fita kuma ta share komai sarai. Lambar wayar mutane da adireshinsu amana ce a hannunka.

Kafin ka miƙa aiki, ka cika kwando, ka shiga, ka fita, sannan abokinka ya shiga da sunansa a kwamfutar nan. In ya ga ko littafi ɗaya naka, da sauran aiki. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka.