Darasi: Wane Filogi Za Mu Riƙe In Za Mu Yi Caji A Garin Wani?

'Yan'uwa manoma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kai amfanin gona kasuwa ya zama abin da muke fara lissafawa kafin na taki. Shi ya sa a tarurrukan ƙungiya ake yawan tambayarmu game da babur da keke mai ƙafa uku da mota masu aiki da batir. Abin ya riga ya shigo ƙasarmu. A 2020 aka fara harhaɗa motar lantarki ta Hyundai Kona a Legas, a 2021 kuma aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Amma mutumin Gwiwa da ya kawo gero Kazaure ba zai tafi Sakkwato caji ba. Soket ɗin bango zai nema, a gidan ɗan'uwa ko a shagon aboki. To, a kan wannan darasinmu na yau yake.

Soket iri uku muke tararwa a gidajenmu. Akwai mai ramuka uku masu kusurwa, wanda muka gada daga Ingila, an rubuta 13A a jikinsa. Akwai ƙarami mai ramuka uku kewayayyu, 5A, a tsofaffin gidaje. Akwai kuma babban yayansa, 15A, wanda ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Wannan harafin A yana nufin amfiya, wato yawan wutar da za ta iya bi ta cikinsa. Masu noman rani sun san wannan: tiyo mai inci ɗaya ba ya ɗaukar ruwan injin inci uku.

Ga lissafin. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Mu riɓa amfiya da 230, sai mu sami wat. Soket mai 5A zai ba da wat 1,150. Mai 13A kusan wat 3,000. Mai 15A kuwa wat 3,450. Yanzu sai mu juya cajarmu mu karanta takardar da ke manne a bayanta, inda aka rubuta amfiyar da take ja daga bango. In lambar caja ta fi ta soket, magana ta ƙare, ko da filogin ya shiga ramin.

Amma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan ce, ai soket ɗin nan yana ɗaukar dutsen guga da butar dafa ruwa. Gaskiya ne. Sai dai buta takan tafasa cikin 'yan mintoci ta huta, dutsen guga ma yana kashe kansa yana kunnawa. Caja ba ta hutawa. Sa'o'i da yawa za ta yi tana jan wuta, ƙarfen filogi yana ɗumi a hankali. Domin haka ko a Ingila, cajar mota da ake sokawa a soket mai 13A, yawanci amfiya 10 kaɗai aka yarda ta ja. Mu ma mu riƙe wannan: 10 a kan soket mai 13. In caja tana da maɓallin rage wuta, mu rage a gidan da ba mu san wayoyinsa ba.

Amfiya 10 wat 2,300 ke nan. Babur da keke wannan ya ishe su. Amma babban batirin Kona yana cin ma'aunin mita 64, don haka cika shi daga bango zai ɗauki fiye da sa'o'i 27. Wanda yake tunanin ƙungiya ta sayi mota, ya san cajin hanya ƙari ne kawai don a isa gida.

Mu lura kuma, soket fuska ce kawai. Abin da ke bayan bango shi ne magana. Mun taɓa ganin soket sabo fil a wani shago, da aka kwance sai ga siririyar wayar fitila aka ja masa. Kafin mu soka, mu duba: akwai baƙin tabo ko alamar narkewa? Filogi yana kama ramin tam, ko yana lilo? Wanda yake lilo shi ne mai zafi. Bayan rabin sa'a da fara caji, mu taɓa filogin da bayan hannu. Ɗan ɗumi ba laifi. In ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, ko muka ji ƙaurin roba, mu kashe nan take.

Doguwar ƙafar nan ta sama a filogi, ita ce ta ƙasa, mai janye wuta in ta zubo a jikin ƙarfe. Abin hawa kuwa duk ƙarfe ne, sau da yawa a waje yake, wani lokaci a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kada mu karya ta, kada mu tura biro a ramin sama don mu cusa filogi mai ƙafa biyu, balle mu soka tsirarar waya mu danne da tsinken ashana. Fis ɗin cikin filogi mai 13A in ya ƙone, a sa wani irinsa. Ba a naɗa masa waya. Filogi mai 15A ba shi da fis a ciki, sai an tabbata akwai abin katse wuta a allon gidan. Ƙaramin janareton nan na shaguna kuwa, wanda bai kai wat 1,000 ba, ba na cajin mota ba ne.

'Yan'uwanmu na Babura masu tsallakawa Magarya za su tarar da soket irin na Faransa, mai ramuka biyu kewayayyu. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne da namu, bakin ne ya bambanta. Kada a dogara ga ɗan mahaɗin roba na cajin wayar hannu. A sa mai gyaran wuta ya haɗa gajeriyar waya mai kauri, da filogin can a baki ɗaya, soket namu a ɗayan, da wayar ƙasa a haɗe.

A ganinmu, mai babur ko keke ya riƙe filogi mai 13A na kirki, domin shi ne zai samu daga Roni har Kano. In ƙungiya za ta gyara wurin caji a rumbunta, a ja masa wayarsa dabam tun daga allo.

Saura batun mai gida. Sa'a ɗaya a amfiya 10 tana cin ma'auni 2.3 a mitarsa. A duba mita tare kafin a soka, a sake dubawa bayan an cire, a biya shi.

Kafin taro na gaba, kowane wakili ya karanto lambar da ke jikin soket ɗin gidansa, mai caja kuma ya zo da ita mu karanta bayanta tare.